Ɗanwaken Dalma

Ni ban yi boko mai zurfi ba. Ajin yaƙi da jahilci na yi a Gwarzo, shi ma malamar ta riga ni gajiya. Amma abin da jikana Muntasir ya aikata a Kuala Lumpur, ko da gawayi ne sai na rubuta shi, don kar gobe furfura ta fito masa ya ce sharri ake yi masa.

Haihuwa ce ta kai ni garin. Matarsa Kausar ta sauka, an samu mace. Uwarta ba ta da lafiyar hawa jirgi, tasa uwar kuma aiki ya riƙe ta, sai aka ce tsohuwa ta je ta yi wankan jego. Na ɗaure kanwa da daddawa da yaji, na ɗora tandata ta ƙarfe a kai, wadda na gada wurin innata, don na rantse ba za a yi sunan tattaɓa-kunnena babu masa ba. A filin jirgi wani ma'aikaci ya ɗaga ta yana jujjuyawa. Na ce masa, ajiye yaro, ta girme ka.

Gwamnati ce ta tura Muntasir karatun injiniya. Suna zaune a Bukit Jalil, a wani dogon bene, can sama inda ko shaho sai ya huta a hanya. Yaron kirki ne, ba ya sha ba ya busawa, kuma in ƙafata ta kumbura shi ke matsa min. Illarsa ɗaya, bakinsa ya fi shi girma. Tun yana ƙarami in ya kamo fara sai ya ce zabuwa ce ta kuɓuce masa.

Na tarar ya kamu da sabuwar cuta: kallon wasu Turawa masu gemu a waya. Su narka dalma, su zuba harsashi da hannunsu, su ɗura a libarba, ƙaramar bindigar nan mai cikin da ke juyawa, su harbi faranti daga nesa ya ce ƙwal. Jaririya na kuka, shi yana ƙwal. Abinci na hucewa, shi yana ƙwal.

Wata la'asar ya ce in zo ya kai ni mamak in sha iska, wato rumfar shayi ta Indiyawan garin. Muka tarar da abokansa biyu. Tajuddeen, siriri mai tabarau, lauya yake karantawa. Datti kuwa ba ɗalibi ba ne, kilishi da turare yake sayar wa ɗalibai, kuma irin mutanen nan ne da in suka ga wuta sai su tambaya ko akwai fetur a kusa.

Ko zama ban gama yi ba Muntasir ya fara.

"Ku ba ku san jinin da ke yawo a jikina ba. Kakana Ashafa, Sarkin Baka ne. Daga wannan gaɓar kogi yake harbin kura a waccan gaɓar, a ido. Kuma da hannunsa yake zuba harsashinsa."

Shayi ya sarƙe ni. Ashafa mijina ne, Allah ya jiƙansa, kuma tela ne. Abin da ya taɓa kashewa a duniya ɓera ɗaya ne, shi ma sai da na fara sumar da shi da taɓarya.

Na ce, "Angona, wane Ashafan?"

"Hajiya, sha shayinki zai huce."

"Ashafan da aka buga bindiga a bikin ƙanwarsa ya shige ƙarƙashin keken ɗinki, sai ta ƙafa aka jawo shi?"

"Dabarar maharba ce, tsohuwa. Taking cover ake ce mata. Ke ina kika san yaƙi?"

Datti ya buga tebur. "Sarkin Baka! Jikan Sarkin Baka! Wallahi sai ka nuna mana. Akwai kulob ɗin harbi a bayan gari, ana ba da hayar libarba."

"Harsashinsu na kamfani ne, ba shi da saiti," in ji Muntasir. "Nawa zan zuba. Ranar Asabar ku zo ku ga yadda ake cire wa kwalba murfi daga inda ido ba ya kaiwa."

Asabar ɗin nan jajibirin suna ce.

Tajuddeen ya cire tabarau ya goge. "Muntasir, nan fa ba Gwarzo ba ce. A ƙasar nan aka kama ka da harsashi ba lasisi, gidan yari ne, daga can sai jirgi. Karatun ya tafi, kuma a raɗa wa 'yarka suna kana bayan kanta."

"Haba Barista, research ne kawai. Kai komai sai ka sa masa sashe."

Su suka yi dariya, ni ban yi ba. A hanya na riƙe masa hannu na ce, "Ka ji abin da mai tabarau ya faɗa. Ban hau jirgi da wannan gwiwar don in je ziyarar fursuna ba. Ranar Lahadi ina so in gan ka zaune kan tabarma ana yi maka barka."

"Matar, kwantar da hankalinki. Na bari."

Washegari ya shigo da leda mai nauyi daga Sri Petaling. Ya ce kayan makaranta ne. Ashe dalmar nan ce da masunta ke ɗaurawa a igiyar ƙugiya don ta nutse, ya kwashe ta kaf daga shagon mutane.

Da hantsi ina banɗaki da Kausar, ina tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi ina fyaɗa mata, tana ihu ina cewa daure. Ganyen ma da ƙyar na samo shi wurin Indiyawa. Sai na ji wani wari, ba na abinci ba, ba na mutum ba. Na ce, 'yar nan, me kika ɗora? Ta ce ba komai. Kafin ta rufe baki muka ji fau! Sai ihu. Sai wata ƙara ta tashi a duk benen, wi-wi-wi, kamar an taka wutsiyar aljani.

Na fito da gudun da ban san ina da shi ba. Kicin ya turnuƙe. Tandata tana kan wuta, kowane gurbi cike da narkakkiyar dalma. A ƙasa ga wata laka da ya kwaso daga tukunyar fulawar bakin ƙofa, ya mulmula ta, ya bi ta da ɗan ƙaramin yatsansa yana huda ramuka, wai nan zai zuba harsashi. Lakar jiƙaƙƙiya ce. Da dalma ta ji ruwa sai ta yi tsalle. Ta manne a silin, ta manne a firij, ta yi wa labule ado. Shi kuwa Sarkin Baka yana tsaye da ludayina a hannu, girarsa ta hagu babu, gemunsa rabi ya tafi.

"Tandata!"

"Hajiya, Baturen ma a irin wannan yake zubawa, mai gurbi-gurbi..."

"Baturen uwarsa ce ta bar masa?"

Ba mu gama ba aka fara buga ƙofa. Ashe in ƙarar nan ta tashi kowa sai ya sauka, kuma ba a shiga lif. Haka muka bi matakala, ni da jaririya a kafaɗa, Kausar da ɗaurin ƙirji da hijabi a kai tana tururi kamar dambu, maƙwabcinmu wani tsohon Basine rungume da kejin tsuntsunsa, wata mata da kumfar sabulu a ka. Da muka kai ƙasa gwiwata ta daina amsa sallama.

Mai gadi ya zo yana tambaya daga wane gida hayaƙi ya fito. Na ga Muntasir ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, ya nuna ni da haɓa. Duk taron ya juyo. Tsohon Basinen ya zo gabana yana murza hannu a iska, yana nuna min yadda ake rage wutar gas.

Na ce da Kausar, "Me ya gaya musu?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi kaka ce ke girki, ba ta saba da gas ba."

Ni. Ni da na yi tuwon biki tun uban yaron nan bai san hanyar masai ba.

Da muka koma sama na ɗauki tanda zan kankare. Kausar ta riƙe min hannu, ita harkar magunguna ta karanta. Ta ce, "Hajiya, dalma guba ce. Ko kin wanke ba a ƙara cin abin da ya fito daga cikinta." Na zauna a kan kujera, tanda a cinyata. Ba zan ɓoye ba, na yi hawaye.

Shi kuwa yana baranda yana fasa laka yana tsince abin da ya tsira. Ya kawo min a tafin hannu, fuska na sheƙi.

"Duba nan. Hand cast."

Na duba. Wani mai ƙusumbi, wani mai wutsiya, wani da saiwar fulawa a cikinsa. Babu biyu da suka yi kama da juna.

"Wannan ai ɗanwake ne. Saura mai da yaji."

"Ba ki san ballistics ba."

"Na san ɗanwake."

Ya wuni yana goga su da abin gyaran farcen Kausar. Ya ce kafin Asabar sai an yi gwajin farko, tunda ba bindiga a hannu, da danƙo za a gwada. Ya yanka tsohuwar robar motsa jiki ya ɗaura a gwafa. Na bi su filin ajiye motoci, ba don sha'awa ba, don in san inda zan ce wa likita abin ya faru.

Ya ɗora gwangwanin madara a kan katanga, ya ja da baya, ya ja, ya ƙara ja, har sai da gwangwanin ya koma kamar ƙwayar gero. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama wai yana auna iska. Datti na gefe ya saita waya.

Na farko ya tafi hagu, muka ji tsulum a kwamin wankan da ke gindin benen. Na biyu ma hagu, ya kakkaɓo ganye.

"Kun gani?" in ji shi. "Duk hagu suke zuwa. Wannan shi ake kira grouping. Harsashin na da gaskiya, katangar ce a karkace."

"Sai a matsar da benen dama kaɗan," in ji Tajuddeen.

Na uku mai wutsiya ne. Ya ja roba har kunne ya saki. Ban san yadda aka yi ba, abin nan ya fita, ya yi shawara, ya dawo gefe ya sami Datti a goshi. Datti ya zauna a ƙasa daɓas. Nan take ƙulu ya fito kamar ƙwan zabuwa.

"Ka ga ƙarfi ko?" in ji Muntasir. "A danƙo ma ke nan."

Datti bai yi faɗa ba. Ya shafa goshi, ya yi wani murmushi da ban so ba. Kafin magariba ya sa a zauren wayar ɗaliban Najeriya cewa jikan Sarkin Bakan Gwarzo zai gwada harsashin hannu ranar Asabar, kowa ya zo da wayarsa a cike da caji.

Na nemi ɗanwaken nan in zubar. Na duba ƙarƙashin katifa, na duba aljihunan riguna, har cikin buhun shinkafa na sa hannu. Ashe a safa ya ƙulle su ya rataya a wuyansa cikin riga kamar laya. Da na ga ba dama, ranar Asabar na yafa mayafina na riga shi shiga mota.

"Hajiya, wurin maza ne."

"To me kai za ka je yi?"

Muka tarar da ɗalibai cike da harabar kulob ɗin, har da masu goyo. Muntasir ya fito da baƙin tabarau don ya rufe gurbin gira, ya zana ragowar gemun ya zama wani abu kamar waƙafi. Ana ta "Sarkin Baka! Sarkin Baka!" yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Mai kula da wurin wani dattijon Bamale ne, wato ɗan asalin ƙasar, Najib, mai magana a hankali. Ya ce a kawo fasfo, ya ce ga dokoki. Muntasir bai bari ya gama ba. Ya zaro safa daga wuya, ya dangwarar a kan kanta, ya faɗa da Turanci da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji. Tajuddeen ya dafe kai. Na ce me ya ce? Ya ce, "Cewa ya yi ba ya buƙatar harsashinsu, ya zo da nasa da ya ƙera a gida."

Najib ya dubi safa, ya dubi Muntasir. Bai taɓa ta ba. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya ɗaga waya.

Kirari ya mutu. Har Datti ya sauke wayarsa. Ba a jima ba 'yan sanda biyu suka shigo, babba mai furfura a gefen kunne da ƙarami riƙe da ankwa. Na tuna ragon suna da aka riga aka yi maganarsa, na tuna Kausar da na bari tana gugar rigar da zai sa gobe. Na kama hannun babban na fara yi masa Hausa, ina cewa ɗana ka dubi girman Allah, wawa ne ba mugu ba. Tajuddeen na fassarawa, kuma na lura wurin "wawa" bai rage komai ba.

Babban ya sa safar hannu, ya kwance safar ƙafa, ya zazzage a kan kanta. Ɗanwake ya zube. Ko gangarawa ba su yi ba, kowanne ya zauna inda ya faɗi.

Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. Ya ce Najib ya kawo libarba marar komai a ciki. Ya gwada mai ƙusumbi a ramin, ya ƙi shiga. Ya gwada wani siriri, ya zurma ya faɗo ta ɗaya gefen. Ya ɗauki mai saiwa, ya ja saiwar, ya nuna wa ƙaramin. Ƙaramin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Daga nan duk abin da aka faɗa Tajuddeen ne ke zuba min a kunne.

Babban ya ce, "Ina kwanson harsashin? Ina albarushin?"

"Wannan sai a phase two," in ji Muntasir.

Tajuddeen ya taka masa ƙafa har sai da na ji ƙas.

Babban ya jingina da kanta. "Saurayi, tambaya ɗaya zan yi maka. In harsashi ne wannan, ka miƙo hannu mu tafi. In ba harsashi ba ne, ka gaya min mene ne, da ƙarfi, yadda ka faɗi na farko."

Muntasir ya dubi ankwa. Ya dubi wayoyin da suka sake ɗagowa. Wallahi sai na ji yaron nan ya buɗe baki ya ce, "Technically..."

Ban san lokacin da na kamo kunnensa ba. Na murɗa shi yadda nake murɗa wa ubansa. Na ce, "Muntasir, gobe suna. Ko ka faɗa musu ɗanwake ne, ko in bar ka da su in je in ce wa 'yarka ubanta ya zaɓi kirari a kanta."

Tabarau ya zame, gurbin gira ya bayyana. Sannan ya ce, a hankali, "Ba harsashi ba ne."

"Ban ji ba," in ji ɗan sanda.

"Ba harsashi ba ne! Ban iya ba! A waya na gani!"

"Kakan fa?" Datti ya jefo daga baya, hannu a kan ƙulu.

Na ce, "Tela ne. Kuma ya iya aikinsa."

Wurin ya fashe. Ɗan sandan ma ya dara. Ashe mai zuwa kamun kifi ne. Ya tattara ɗanwaken yana girgiza kai, ya ce da can dalmar kirki ce, da hudarta ta zura igiya, yanzu ko kifi ba za a yaudara da ita ba. Ya yi wa Muntasir kashedi mai zafi, ya ce ya gode wa Allah da bai ba shi basira ba, don da ya iya, da yau a wurinsu zai kwana.

Suna fita Najib ya ji tausayin Muntasir. Ya ce tunda an tara jama'a, boleh, wato ba laifi, ya harba ɗaya da harsashin kulob, a allo mafi kusa. Ka san hali zanen dutse. Ana sa masa abin toshe kunne sai ga kafaɗa ta dawo. Ya ɗaga gefe ɗaya na abin kunnen don ya ji kansa, ya juyo yana yi wa mutane bayanin yadda ake tsayuwa, da yadda ake riƙe numfashi, da cewa matsalar dama daga laka ce.

A layin da ke kusa da shi akwai wata 'yar tsohuwa Basiniya, ba ta kai ni tsawo ba. Ta ɗaga tata bindigar ta saki ɗaya. Daram!

Muka nemi Muntasir muka rasa. Libarba na nan kan tebur ko taɓa ta bai yi ba. Sai ga tafin takalmi biyu suna leƙowa daga ƙarƙashin teburin. Tajuddeen ya kama ɗaya, Datti ya kama ɗaya, suka jawo shi.

Na tsaya a kansa, sai na ga mijina sak. Na ce, "Jama'a ku shaida, na janye maganata. Wannan jinin Ashafa ne."

Ranar Lahadi aka raɗa wa yarinya suna Hureira, sunana. Masa kuwa an ci, a wani ɗan kaskon Malawa mai gurbi da matar Najib ta aiko min, 'yan ƙanana kamar kwabo, kowa sai ya jefa uku a baki kafin ya san ya ci. Muntasir na zaune kan tabarma, gira ɗaya, ana yi masa barka. Tandar innata na sa shi ya buga ƙusa ya rataye ta a falo, daidai saitin inda yake zama da baƙi. In ya fara "ai ni a jinina", ba na cewa komai. Bango kawai nake kallo, sai ya ce a zuba wa baƙi shayi.